Lamba Sha Ɗaya a Ƙwauri

Akwai wani saurayi a nan Zuru, Joel sunanshi. Kuma tun kafin wani ya ruga ƙasa wurin sharhi ya rubuta "Baba ya fara", to ku ji da kyau: wanga abu da idona na gan shi. Ba labari aka ba ni ba, ba a rediyo na ji ba. Ina wurin, ni da hulata. Wanda bai yarda ba ya zo ya duba furfurar bayan kunnena na hagu, ranar ta fito.

Joel ɗan tsohon soja ne. Ya tafi Fatakwal nema, ya dawo da mashin. Ba irin na 'yan kabu-kabu ba, ba kuma irin dodon nan na masu rakiyar manya ba. Tsaka-tsaki ne, amma a Zuru ko tsaka-tsakin ya isa kallo. Baƙi wuluk, ƙasa-ƙasa, kujera da faɗi kamar ta falo, har da majingina a baya. Salansa biyu a gefen dama, ɗaya bisa ɗaya, suna ƙyalli.

Ba zan ci haƙƙin mashin ba, yana da daɗi. Ya taɓa kai ni Mahuta a kanshi. In ya samu kwalta ba ka jin rami, tirela ta wuce bai ko girgiza. Bayan nan nawa mai ciwo tun ana kashe kwabo, ranar bai ce uffan ba.

Amma fa yana shan mai kamar raƙumi ya iso rijiya. Ƙusa ɗaya ta lalace sai an aika Legas. In ya faɗi sai an tara ƙarti. Kuma ba ya shiri da dutse, cikinshi na ƙasa. Mu ko garinmu dutse ne, dutse ke gaida dutse.

Duk wannan bai ishi Joel ba. Ya je wurin bakanike ya sa aka zare hanjin salansa, wai ƙarar ba ta kai ba. Daga ranar in ya murza totur a bakin kasuwa, kajin Dabai sai sun sani.

Yanzu ku riƙe wanga a aljihu, za mu nemi shi anjima.

Wata rana yana dawowa ta hanyar Dabai sai ya iske mata sun tare titi suna kuka. Wata baƙuwa ce da ta zo biki, Asama'u, ta shiga gona kububuwa ta sare ta. Ba mota, ƙafa har ta fara kumbura. Joel ya tsaya yana ƙunƙuni a cikin hular kwano, wai za a ɓata mashi kujera. Amma ya ɗauka. Aka ɗora ta a tsakiya, wata ta riƙe ta a baya, ya ba mashin wuta. Kafin 'yan biki su gama salati har ya kai asibiti.

Wurin sauke ta ƙwaurinta ya manne da salansa, duka biyun. Joel bai ko cire hula ba balle ya faɗi suna. Ya goge kujerarshi ya yi gaba. Likita ya ce da a ƙaramin mashin aka kawo ta, da sai dai wani labarin.

To, Joel na neman wata yarinya, Goodness, a wani ƙauye can wajen Kanya. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, har yanzu ina cin kasuwarsu.

Ku da ke birni ba za ku gane ba. A wancan yankin ƙarar mashin ba abin sha'awa ba ce. Mutanen daji a kan mashin suke zuwa. Bara waccan sun shiga ƙauyen ranar kasuwa, rana tsaka, kuma akwai gidajen da har yau ba a sake hura wuta a cikinsu ba. Tun daga nan aka kafa doka. Akwai wata ɗorawa kafin rafi. Duk mai mashin, ko limami ne ko fasto, a nan zai kashe inji, ya buɗe fuska, ya turo abinshi da hannu har cikin gari. Sannan sun rataye tsohon wilin mota a bakin kasuwa. In ka ji an buga shi, kar ka tsaya neman takalmi.

Ni da bakina na faɗa wa Joel, a teburin mai shayi.

Na ce, "Ɗana, in ka kai ɗorawa ka kashe wanga dodo ka tura."

Ya yi dariya. "Baba, wannan ba a tura shi. Shi ke tura mutum."

"To ka ari ƙarami."

"In je gidan surukai a kan akuya, ga doki na da shi?"

Na ce, "Kakanka da golmo ya auri kakarka. Noma ya yi ta yi a gonar surukai, shekara da shekaru, ko kaza bai firgita masu ba."

Ya ce, "Shi ya sa bayanshi ya lanƙwashe, Baba. Sha shayinka."

Na sha shayina.

Ranar kasuwar ƙauyen ina can da 'yan kayana, maganin basir da na sanyi. Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi. Mata na auna gero, yara na bin mai ƙuli-ƙuli. Sai muka ji wani abu daga nesa, kamar hadari na gunguni, ga shi ko sama tas.

Hanyar ƙauyen tsakanin duwatsu biyu ta bi. Ƙara in ta shiga nan, wanga dutse ya karɓa ya miƙa wa wancan, wancan ya mayar. Mashin ɗaya sai ya zama garke. Ni da na san ƙarar mashin ɗin Joel kamar tarin matata, wallahi ban gane ta ba.

Kasuwa ta yi tsit. Wata mata kusa da ni tana riƙe da mudu, gero na zuba a ƙafarta ba ta sani ba. Kowa kunne na wurin ɗorawa, ana jiran ƙarar ta mutu.

Ba ta mutu ba. Ƙaruwa ta yi.

Sai aka buga wili.

Jama'a, na ga gudu a rayuwata, amma ban taɓa ganin gudu babu ihu ba sai ranar. Ba wanda ya yi kuka. Uwa ta toshe bakin jaririnta da tafin hannu ta faɗa cikin dawa. Wani tsoho ya kasa gudu, ya zauna bayan buhu ya rufe ido yana motsa leɓe. Tukunyar mai ƙosai ta kife, ba wanda ya waiwaya. Kafin ka ce kwabo kasuwa ta koma ta awaki.

'Yan sa-kai kaɗai suka rage. Shugabansu Yari ne, dogo, ba ya yawan magana. Ƙanenshi na cikin waɗanda aka rasa bara waccan. Ya yi masu alama da hannu suka ɓuya bayan rumfuna, bindigogin toka na kallon hanya.

Sai ga shi ya fito daga rafi. Baƙin mashin, baƙar rigar fata, safar hannu, hular kwano mai baƙin gilashi, ba ka ganin ko ƙwayar ido. Kuma a bayanshi an rataye wani dogon abu naɗe cikin baƙar leda.

Ya shigo ya ga kasuwa wayam. Ya taka birki a kan man ƙosai da laka. Mashin ya zame ya kwanta ta dama, ƙafarshi a ƙarƙashi.

Suka fito suka zagaye shi.

Ya yunƙura, mashin ko gezau. Ya kai hannu wuya zai kwance igiyar hula, Yari ya ce, "Hannun nan ya ƙara motsi, shi ke nan." A hankali ya faɗa, kamar mai tambayar farashi.

Joel na magana a cikin hula, ba a jin komi sai gurnani. Tsoro ya kore mashi Hausa, ya kore mashi yaren uwarshi, sai guntun Turancin Fatakwal ke fitowa. Wani ya ce, "Kun ji ko, ba ɗan ƙasar nan ba ne. Ɗan leƙen hanya ne, sauran na baya." Rabinsu na kallonshi, rabi na kallon rafi.

Mai ya fara tsiyaya daga tanki yana jiƙa mashi wando. Warin fetur ya haɗu da warin fata na ƙonewa, don salansa na kan ƙwaurinshi. Na ga wani ya laluba aljihu ya fito da ashana.

A nan na gane mashin ɗin. Na buɗe baki in ce Joel ne, ɗan Zuru ne. Ku yarda ko kar ku yarda, bakin nan nawa da bai taɓa hutawa ba, iska kawai ta fito. Ga shi ni ma baƙo ne a garin, mai tallan magani. Wa zai ji tawa?

Yari ya ɗora bakin bindiga a kan gilashin hular. Yatsanshi na kan kunama.

Sai dawa ta motsa. Bindigogi suka juya gaba ɗaya. Mace ce ta fito, ba ɗankwali, ƙafa ba takalmi, tana ɗan ɗingishi. Asama'u ce, mai saran maciji. Ashe matar Yari ce.

Yari ya ce, "Ke, koma."

Ta ce, "Baban Yazid, ɗaga hannunka daga nan."

"Na ce ki koma."

"Ba garke ba ne, mashin ɗaya ne. Na san kukanshi. A kanshi na kwanta ina salati ranar Dabai. Ga majinginar da mai riƙe da ni ta jingina da ita."

Mai ashana ya ce, "Inna, mashin nawa ne a duniya?"

Ba ta ko kalle shi ba. Mijinta take kallo. "Tabon da ka yi ta shafa wa man kaɗe, layi nawa ne?"

Yari ya dubi ƙafarta. Can ya ce, "Biyu."

"To ku ɗaga ku duba. In bututu ɗaya ne, ka yi abin da ka ga dama, ni ma in koma cikin dawa."

Ba wanda ya motsa. Kowa na tsoron ya sunkuya dogon abin nan na cikin leda ya tashi da shi. Sai ni, Baba, na tuna ni jikan maharba ne. Na ture su, na kama mashin da hannu ɗaya, na ɗaga shi kamar faifai.

Salansa biyu. Ɗaya bisa ɗaya.

Asama'u ta ɗan ja bakin zaninta. Layi biyu a ƙwaurinta, a jere, kamar lamba sha ɗaya. Aka dubi ƙwaurin Joel inda wando ya ƙone. Layi biyu, sababbi, jajur.

Ita ta durƙusa ta kwance mashi igiyar hular. Fuska ta fito jiƙe sharkaf. Ta ce, "Ashe haka kake. Sannu, ɗana. Na daɗe ina neman fuskar nan in yi mata godiya."

Aka yage leda. Laima ce, babbar laimar kasuwa, ya sayo wa uwar Goodness.

Ba wanda ya yi dariya. Yari ya jingine bindiga ya zauna a ƙasa cikin laka, yana kallon yatsanshi. Sannan ya ce, "Yaro, ba ka ga ɗorawa ba?"

Joel ya ce, "Na gani, Baba."

"Ba a faɗa maka ba?"

"An faɗa mani."

"Da ka sa na kashe wanda ya ceci uwar 'ya'yana. Da wace fuska zan shiga gida?"

Mutane suka fara fitowa daga dawa ɗaya-ɗaya, wasu da ƙaya a ƙafa, wasu na kiran sunan yaransu. Sai la'asar aka gama haɗa kowa da nashi. Goodness ta fito da ƙanwarta goye, ta dube shi, ta dubi laima, ta wuce abinta. Ina ga wannan ta fi salansa zafi.

Da ƙafa ta warke, uban Goodness ya aiko. Ya ce bai hana shi 'yarshi ba, amma sai ya dawo ya shigo gari yadda mutane ke shigowa. Ranar kasuwa, da wancan mashin ɗin, ba aro ba.

Ya zo. Ya kashe a ɗorawa, ya rataye hula, ya tura. Cikin rafi ya tura, kan tudu ya tura, gumi har cikin takalmi. Na bi shi a baya ina cewa, "Ɗana, mi ya faru, yau doki ne ke hawan mai shi?" Ya ci gaba da turi. A tudun ƙarshe ya kasa, mashin na neman komawa da shi. Sai ga hannu a kan majingina ta baya. Yari ne. Tare suka ƙarasa.

Mashin na nan har yau. An mayar mashi da hanjinshi, yanzu kukanshi kamar na kyanwa. A kan kwalta yake aikinshi, kuma duk mai haihuwa ko mai saran maciji tsakanin Dabai da Zuru ya san ƙofar da zai buga. In za shi gidan surukai kuwa, akuya yake ara.

Darasi: Abin hawanka ya yi maka daɗi, amma ka tambayi kunnen mutanen da za ka shiga cikinsu. Dokar gari ba don raini aka kafa ta ba, wata da hawaye aka rubuta ta. Girman kai ya kwantar da Joel ƙarƙashin mashin, alheri guda da ya yi yana ƙunƙuni shi ya ɗaga shi. Ku tura wa duk wani mai zare hanjin salansa da kuka sani, kafin ya kai tashi ɗorawar.

Af, kuma don kar Yari ya gani ya tona ni: batun ɗaga mashin da hannu ɗaya, wannan ni na ƙara gishiri. Ƙarti ne suka taru suka ɗaga. Ni laimar na riƙe masu.