Kuluwa Mai Sharar Ɗakin Hoto

Tabawa unguwarzoma ce ta kashe 'yarta. Ba da wuƙa ba, ba da guba ba, da baƙin ciki ta kashe ta. Ku daina zaro mini ido, ku gyara zama ku saurara.

An yi wata baiwar Allah a wani gari, Kuluwa sunanta. Mijinta ya rasu, shara take yi a asibiti, a ɗakin da ake yi wa mata hoton nono. Ba ta shiga aji ba, kamar ni, amma tana da ido. Shekara da shekaru tana riƙe wa mata mayafi har ta gane aikin. A shafa wani mai mai sanyi, a ɗora ɗan abu kamar sabulu, sai cikin nonon ya fito a allo. In ruwa ne a ƙullutun, hankali ya kwanta. In tsoka ce mai tauri, a ɗebi kaɗan a gwada, a san ko ciwon daji ne tun yana ƙarami.

Sai matan unguwa suka fara sallama a gidanta. "Iya Kuluwa, na ji wani abu kamar gyaɗa." Ita ba ta ba da magani. Mayafi take ɗauka, ta ce, "Tashi mu je, ni zan tsaya a kanki."

To, ga Tabawa. Shekara talatin duk nonon da ya yi ciwo ɗakinta ake kai shi, ta gasa da ruwan zafi, ta shafa saiwa. Yanzu tana zaune a ƙofa, matan da ta yanke wa cibi suna gaishe ta a tsaye, suna shigewa gidan mai shara. Mai shara! Sai ta shiga bin gidajen suna tana cewa, "Kun dai san daji ba ya son ƙarfe. To ƙarfe suke ɗorawa. Yana taɓawa ciwo ya watsu." Ku saurara fa, ko a mafarki ba ta taɓa ganin na'urar ba.

Ana haka sai 'yarta Jummala, mai 'ya'ya uku, ta ji ƙullutu a nonon hagu. Tabawa ta taɓa. Hannu ne da ya san nono. Ta ji shi da tauri, ba ya motsi, ba irin wanda gashi ke narkarwa ba ne. Ta sani! Amma a ce gari ya ga 'yar Tabawa tana bin bayan mai tsintsiya? Ta ɗora ruwa a wuta.

Jummala ta raɗa wa Kuluwa a wurin niƙa. Kuluwa ta zo ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya Tabawa, wallahi ba ƙarfe ba ne, roba ce. Ba yanka a hoton. Ki zo ki taɓa da hannunki."

"Tsintsiya ce ta ba ki likitanci?"

"Ni ba kowa ba ce, Yaya. Ki kai ta da kanki. Ranar ba zan je aiki ba, ba mai cewa ni na kai ta. A ce ke kika gano."

Kun ji mutum? Amma wannan maganar ita ta fi ƙona Tabawa. Wato har mai shara ce za ta yi mata alfarma! Ta watsa mata ruwan gashi a ƙafa. Kuluwa ta koma, ta sake komawa, ana rufe mata ƙofa.

Wata tara ana gashi. Sai da nono ya fashe mijin Jummala ya ɗauke ta da ƙarfi. Likita ta duba allo, ta kai na'urar hammata, sannan ta dubi Jummala.

"Me ya hana ku zuwa tun yana ƙarami?"

Jummala ta ce, "An ce ƙarfe ne."

"Wa ya ce?"

Kuluwa tana tsaye a ɗakin, ga tabon ƙuna a ƙafarta. Ta rufa wa Tabawa asiri. Ita ta riƙa wanke ciwon kullum, ana toshe hanci ita ba ta toshewa, har Allah ya karɓi ran Jummala.

Abin da nake gaya muku: mutumin kirki ba ya damuwa da wa za a yaba, rai yake son a ceta. Mai hassada kuwa gara ɗanta ya mutu da a ce wani ya fi ta sani. Wadda ta ji ƙullutu a cikinku, gobe ta tafi hoto, ba sai ta nemi shawarar kowa ba.

Amma ni ba Kuluwa ba ce, ba ni da haƙurinta. Surukata Hansai tana kwance a asibiti yanzu, wata biyar tana ɓoye nata, don wata a wannan majalisin ta ce mata hoto na watsa daji. Hansai ta ƙi faɗin suna. To ba mai ɗaukar takalmi yau. Wadda ta faɗa ta miƙe tsaye, ta gaya mana inda ta ga ƙarfen.