Asalin Gaisuwar Sarki Gauraka

A wata fadama can bayan gari an yi wani Gauraka mai girman kai, shi ne sarkin tsuntsayen wurin. Yana da zabiya, Balbela, mai farar riga da baƙin kwaɗayi. Cikin talakawa kuwa akwai Makwarwa, wadda ba ta ganin abu ta wuce sai ta ce, "Wai me ya sa?"

Al'adar fadamar ita ce, kowace safiya sai tsuntsu ya kai gaisuwa fada kafin ya ba 'ya'yansa abinci. Gaisuwar nan kuwa ba ta "ina kwana" ba ce, tsaba ce da fara cike da baki. Sarki ya ci, dangin sarki su ci, Balbela ta share saura.

A wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, tsaba ta yi wuya, ga Shaho kuma ya matsa. Ran nan Makwarwa tana jiran a karɓi gaisuwarta, Shaho ya sure mata ɗa guda. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, kuma tsoron abin da zai sami sauran ya hana ta sakat.

Washegari a fada Balbela ta dage tana kirari: "Dogo mai gadin sama! Tukku mai hangen nesa!"

Makwarwa ta ce, "Yaya Balbela, don Allah gadin me yake yi?"

"Ke, rufe mana baki! Kirari ne."

"Na ji kirari ne. Amma wa aka fara yi wa shi?"

Ita kuwa Balbela ta tsani a ce ba ta san abu ba. Sai ta gyara tsayuwa ta ce, "Jahila! Kakan kakansa ne. Shi ya fi kowa dogon wuya, sai ya riƙa hawa suri yana duban Shaho, kakanninku suna kiwo. Da yake mai gadi ba ya sunkuyawa ya ci, kowa yakan kawo masa 'yar tsaba ya ce sannu da aiki. Asalin gaisuwa ke nan."

"Ikon Allah!" in ji Makwarwa. "To shi wannan yaushe rabonsa da hawa suri?"

Tsuntsaye suka waiga gaba ɗaya. Ga sarki can ya cusa kai cikin tulin tsaba, ko tukkunsa ba a gani. Sai Hasbiya, ɗaya daga cikin talakawa, ta ce a hankali, "Ni ma bara haka aka ɗauke min nawa."

Da gari ya sake wayewa talakawa suka zo da wuri, suka durƙusa suka ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?" Sai suka juya.

Gauraka ya daka tsawa. "Ina gaisuwar?"

Makwarwa ta ce, "Ai ita muka yi yanzu, ranka ya daɗe. Ko mu ƙara?"

"Ta tsaba nake nufi, marasa kunya!"

"Au, ta mai gadi? Mun kai masa." Ta nuna suri, ga Hasbiya a kai tana duban sama. Daga ranar nan gadi ya zama karɓa-karɓa, Shaho bai ƙara samun ɗan kowa ba.

Balbela ba ta kai la'asar a fada ba, ta bi garken shanu. Gauraka ya yi kwana uku yana jiran a zo ba shi haƙuri. A na huɗu yunwa ta kawo shi wurin kiwo, yana tangaɗi.

"Akwai ɗan wuri a nan?"

Makwarwa ta matsa masa. "Akwai. Amma gobe kai ne da hawa suri."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, jama'a ba sa tayar wa mai mulki haka kawai. Sukan jure yunwa, su jure rashi, har sai ranar da wani ya tambayi dalilin gatan da ake ba shi, aka duba aka ga ya daɗe da barin aikin.