Wa Zai Riƙe wa Odessa Littafi?

Ku gyara zama, ga ta nan tafe, amma wannan ba ta gizo ba ce. Ta wata mata ce a kudancin ƙasar Amurka, zamanin da baƙar fata ba ya shan ruwa a famfon da Bature ke sha.

Sunanta Odessa Tolliver, lauya ce, jikar bayi. Aikinta bin ƙauyuka tana tattara baƙaƙen fata su je su yi rajistar zaɓe. Duk inda ta shiga da wata hula ruwan ɗorawa a kanta, har hular ta fi fuskarta suna. Wata rana ta ja mutane zuwa ƙofar kotun garinsu, aka kwashe su aka zuba a kurkuku. Odessa ba ta damu ba, ta saba. Abin da ba ta sani ba, wasu Turawan garin sun gama shiri: za a sake ta ranar Asabar da hantsi, su bi ta su kashe.

To, Allah ba ya barin wani don wani.

Akwai Mama Willa, dattijuwar da ke dafa wa masu gadi abinci. Tana zuba musu shayi suna maganar a gabanta kamar tukunya ce a ajiye. Da ta kawo wa fursunoni wake sai ta sunkuya ta ce, “'Yata, sakin nan da za a yi miki, kabari ne. Hularki za su bi.” Daga nan ta aika wa mai motar gawa da saƙo. Daga baya aka gano bakinta ne, aka kore ta, babu gidan Baturen da ya sake ɗaukarta aiki.

Akwai Baba Cleophus, mai motar ɗaukar gawar baƙaƙen fata. Ya saba zuwa ƙofar baya ta kurkukun, babu mai tambayarsa. Ranar Asabar ya zo da akwati, ya huda masa ƙofofin iska. Odessa ta tsaya tana kallon akwatin. Ya ce, “Shiga mana, Lauya. Ke ce ta farko da zan ɗauka ta yi mini godiya.” Gada ɗaya ce ta fita daga garin, an kuwa ajiye mutum biyu da bindiga a kanta. Amma al'adar ƙasar, ko maƙiyi ya ga gawa zai kauce ya cire hula. Haka masu neman ranta suka cire mata hula ta wuce. Da asiri ya tonu, aka ƙone wa tsohon motarsa da shagonsa.

Akwai kuma Lucille, ɗalibar koyon jinya, wadda aka kama su tare, aka sake su rana ɗaya. Da ba a ga Odessa ta fito ta ƙofar gaba ba, da kowace mota sai an buɗe, har ta gawa. Sai Lucille ta fizge hular ta ɗora a kanta. Odessa ta riƙe mata hannu ta hana. Lucille ta ce, “Sake ni, Yaya. Dama na daɗe ina son hular nan, rowa kike min.” Ta fita ta miƙi hanyar coci, Turawan suka bi ta. Kafin su gane ba ita ba ce sun karya mata ƙugu. Har ta tsufa da sanda take tafiya.

A cikin akwati kuwa, Odessa ta ji ƙarar gada ta ƙare a ƙarƙashinta, ta ji motar ta tsaya, aka ɗaga murfi. Ta ga sararin sama, ta ja iska, ta fashe da kuka. Ta rayu, ta ci gaba da shari'o'inta har dokokin wariya suka faɗi ɗaya bayan ɗaya.

Da furfura ta fara fito mata aka naɗa ta alƙali, a kotun nan da aka kama ta a ƙofarta. Ranar rantsuwa ta leƙa zaure, sai ga su ukun a sahun gaba, da ransu. Ta sauke ajiyar zuciya ta gode wa Ubangiji.

Sai magatakardan kotu ya matso da Baibul, littafin addininsu. A can, mai rantsuwa yana ɗora hannu a kai, mutum ɗaya da ya fi girmamawa ya riƙe masa. Ya ce, “Ranki ya daɗe, wa zai riƙe?”

Ta dubi Mama Willa, wadda da ba ta yi magana ba da babu wanda ya motsa. Ta dubi Baba Cleophus, wanda ya ƙetare da ita gada. Ta dubi Lucille da sandarta a jingine. Magatakarda na tsaye da littafi a hannu.

To, ku da kuka ji, a cikin ukun nan hannun wa ya fi cancanta ya riƙe mata littafin?