Ranar da Aka Wanke Kwamfutar Malam Filibus

A wani gari an yi wani tsohon malamin firamare mai suna Filibus. Ranar da ya ajiye aiki, abokan aikinsa suka haɗa hannu suka saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka, sabuwa dal a kwalinta. Malam Filibus kuwa mutum ne mai son abu ya zauna yadda ya same shi. Ko ledar da ke manne a murfinta bai yarda an ɓare ba.

A makon farko ya koyi abu guda, wato ɗaukar murya. Ya ajiye kwamfutar a kan tabarma gaban matarsa Damaris tana tsintar wake, ya ce ta yi masa waƙar nan da take ja wa zumuntar mata. Ta yi masa dariya, ta ce tsufa ya zo masa da wasan yara, amma ta yi. Tana cikin waƙar aka yi sallama a ƙofar gida, ya tashi ya fita. Da damina ta zagayo, Ubangiji ya kira Damaris gida.

Hotunanta yana da su da yawa, amma muryarta wannan ce kaɗai ta rage masa a duniya. Kowace Lahadi in an taso daga sujada, sai ya shimfiɗa tabarma ya kunna waƙar, ya zauna yana saurare.

Ita kuwa kwamfutar tun daga kamfani ta zo da kaya a ka. Ban da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, 'yan kasuwa sun cusa mata nasu tarkace: wasanni, tallace-tallace, da wasu manhajojin gwaji masu faɗowa kan fuska suna roƙon a saye su. Da an kunna ta sai su farka gaba ɗaya, kowanne yana jan ƙarfinta. Ta fara nauyi. Waƙar takan kai tsakiya ta sarƙe, muryar Damaris ta tsaya a kan kalma ɗaya tana maimaitawa, har sai ya kashe. Bai taɓa jin ƙarshenta ba, abin kuma yana ci masa rai.

Akwai wata mace a ikilisiyarsu mai suna Keziya, tana da shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Wata safiya ya naɗe tasa a zanin Damaris ya kai mata. Ta duba ta da kyau, ta ce, "Baba Malam, wata kwamfutar nakan bar ta yadda ta zo daga kamfani, in cire abu biyu ko uku, ta warware. Taka ta wuce nan. Sai dai a wanke ta."

Ransa ya yi fari. Ya ce, "To madalla, 'yata. Dama ƙura ta shiga tsakanin haruffan nan. Ki wanke ta tas, amma kada ruwa ya shiga ciki."

Keziya ta danne dariyarta. Ta ce, "Baba, wankinmu ba na ruwa ba ne. In mun ce wanki, za a share duk abin da ke cikinta ne, a ɗora mata sabuwar manhaja tun daga tushe."

"Duka?"

"Duka, Baba. Amma kafin nan..."

Bai tsaya jin sauran ba. Ya rufe murfin, ya rungume ta a ƙirji. Ya ce, "Haka ta zo, haka za ta zauna. Waɗanda suka ƙera ta sun fi ni da ke sanin abin da suka zuba." Ya fita, har ya manta bai yi mata sai an jima ba.

A gida ya shiga gyara da kansa. Yau ya rufe talla ɗaya, gobe biyu su fito. Waƙar da take kaiwa tsakiya ta koma baiti biyu, daga nan ta koma ɗaya. Wata Lahadi ya kunna, ya ji Damaris ta gyara murya za ta fara, sai komai ya tsaya cik. Ya jira, ya sake kunnawa, ya sake jira. Dattijon nan ya sa fuska a tafin hannu ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun ranar jana'iza.

Washegari ya koma shagon. Ya ce, "'Yata, maman yara tana cikin abin nan. In kika wanke, na rasa ta sau biyu ke nan."

Keziya ta ba shi kujera. Ta ce, "Abin da na so in gaya maka ran nan ke nan, ka tafi. Ba na wanke kwamfuta sai na kwashe abin da mai ita yake ƙauna." Ta ɗauko ɗan filashi na adana bayanai, bai kai tsawon yatsa ba, ta kwashe waƙar a ciki, ta sa masa a hannu, ta naɗe yatsunsa a kai. "Riƙe ta. Yanzu ka ba ni izini?"

Ya daɗe yana kallon hannunsa, sa'an nan ya ɗaga mata kai alamar ya yarda.

Fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Duk abin da ya saba gani ya tafi, ya zauna yana jira. Bayan kamar awa guda ta farka fes, ba talla, ba mai roƙo. Keziya ta mayar da waƙar, ta ƙara murya, ta ja da baya.

Damaris ta gyara murya, ta fara. Ta wuce baiti na ɗaya, ta wuce na biyu, ta wuce wurin da take sarƙewa kamar ba a taɓa tsayawa a nan ba. Aka ji sallama daga nesa, aka ji takun Malam yana fita. Ta kai waƙar ƙarshe ita kaɗai. Sai ƙarar wake a faifai, sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Malam, ka tafi ka bar ni da wannan abu yana kallona. To, in kana ji na, shekara talatin da takwas ban taɓa yin da-na-sanin aurenka ba. Kuma gishirin miyar jiya, kai ka ƙara shi, na gan ka."

Malam Filibus yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Keziya ta juya tana gyara wayoyin da ba su bukatar gyara.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Kwamfutar ita ce zuciyar mutum. Tarkacen nan su ne halayen da muka tashi muka tarar a jikinmu, har muka ɗauka mu ne: fushin da muka gada a gida, riƙon da ba ya yafewa, girman kan da muke kira mutunci. In an taɓa su sai mu ce, "Ai haka nake, haka aka haife ni." Mukan gwada gyaran kanmu, mu rufe ɗaya yau, biyu su fito gobe.

Na san yawancinmu ba son zunubi ne ya hana mu zuwa wurin Yesu ba. Tsoro ne. Muna tsoron in ya wanke mu zai tafi da duk abin da muke ƙauna, mu farka ba mu san kanmu ba. Shi ya sa muke tashi mu fita tun bai gama magana ba. Amma Ubangiji ya san abin da ke tarkace a cikinka, ya kuma san abin da ke da daraja, gama shi ya sa shi a wurin. Ƙaunarka ga iyalinka, da dariyarka, da baiwar da ya ba ka, ba zai zubar da ko ɗaya ba. Zai tsare su, ya mayar maka da su a cikin sabuwar zuciya inda za su yi aiki ba sarƙewa.

Ku kuma lura da inda waƙar ta yi ta raguwa. A ɗakin Malam ne, a hannun wanda ya fi kowa son ta, yana rungume da ita. Haka alherin da ke cikinmu yake ƙanƙancewa kowane mako da muka ce, "Ba yau ba."

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, akwai maganar ƙauna da Allah ya ajiye dominka tun da daɗewa, ba ka kai wurinta ba tukuna, domin kullum a tsakiya kake tsayawa. Kawo masa zuciyar yadda take, ka ba shi izini, ka zauna ka ji sauran.