Sunan Wa Za A Raɗa Wa Jinjirar Hajjo?

Ku gyara zama. Wannan ba ta dariya ba ce, kuma in na gama ku za ku yi shari'a.

A bayan garin Tudun Aduwa akwai wata tsohuwar tashar lantarki mai aiki da nukiliya. Da aka rufe ta, sai aka bar dagwalonta cikin tankuna, wani ruwan dafi da kan shekara dubbai bai huce ba. A garin akwai wata mata, Hajjo, autar su huɗu. Ciki uku ta yi, duk suka zube. Da ta samu na huɗu ko murna ta kasa yi, sai kuka. Yayyenta mata uku suka ce wannan karon sai inda ƙarfinsu ya ƙare.

Babbarsu Tasalla ma'aikaciyar asibiti ce, mai taurin kan tsiya. Ita ta zargi rijiyar da Hajjo ke sha. Ta aro na'urar da ke ƙara in ta ji dafin, ta yi kwana arba'in tana bin jijiyar ruwa da ƙafa, mutane na cewa ta zautu, har ta kai ga tankin da ya tsage. Ta hana Hajjo shan ruwan, ta kai ƙara sama. Gashin kanta ya zube a wannan yawon, bai sake tsirowa ba.

Ta biyu, Uwani, ta yi karatu mai zurfi a kan narka gilashi. Ta ce dafin nan ba ya mutuwa, sai dai a ɗaure shi. Ita da ma'aikatanta suka gina matoya, suna juya ta daga bayan bango mai kauri. A gauraya dagwalon da yashi, a narka, a zuba cikin tulunan ƙarfe, ya daskare ya zama baƙin gilashin da ruwa ba ya jiƙawa. Aka zura tulunan can cikin dutse, gaba ɗari biyu, aka toshe. Wata biyar ba ta ga 'ya'yanta ba.

Sai hukuma ta sa maigadi a wurin, ta kafa allo: KADA A HAƘA NAN. To, kun san mutanenmu. Kafin mako ya zagayo masu neman zinariya sun iso da diga, suna cewa ba a sa wa ramin banza tsaro.

Ta uku, Delu, ungozoma ce, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ta ce allo zai ruɓe, maigadi zai mutu, amma ba ta taɓa ganin wanda ya tone iyayensa ba. Ta roƙi liman da dattawa a mai da kan tudun da aka binne tulunan maƙabarta. Suka ce wa zai kai nasa can? Sai ta durƙusa gaban tsohuwarsu, wadda ke kwance tana jinyar ajali.

"Inna, in ta Allah ta kasance, kin yarda ki kwanta can?"

Tsohuwa ta shafa kanta ta ce, "Yo Delu, da raina na yi gadinku, don na mutu sai in daina? Ku kai ni."

Ita aka fara kaiwa. Masu diga suka dawo suka tarar da kabari, suka yi addu'a suka juya. Delu kuwa har yau ba ta iya duban tudun nan idonta a bushe.

Hajjo ta sauka lafiya, ta samu mace mai ƙoshin kuka. Ta ce wa mijinta sunan ɗaya daga yayyenta za a raɗa. Gobe kwana bakwai, an ɗaure rago, an raba goro, ita kuwa ta kasa zaɓa, don kowacce ta kalla sai ƙwalla ta cika mata ido.

To, jama'a, jinjira ɗaya ce, suna ɗaya ne. Tasalla, Uwani, ko Delu: sunan wa za a raɗa mata?