Albarkar da Hajjo Ta Bari Ba Suna

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

A wani gari na bakin kogin Kwara an yi wata mata, Hajjo, mai 'ya'ya biyu: Barau da ƙanwarsa Ladidi. Wata ranar kasuwa ta bar wa Barau riƙon yarinyar, ba a ma daɗe da yaye ta ba. Ya tsaya kallon masu wasa da kura, da ya waiwaya babu Ladidi. Masunta suka bincike kogi, ba gawa, ba labari. Hajjo ta ƙi zaman makoki. Ta tsufa, idanunta suka mutu, kullum tambayarta ko an ji wani abu.

Barau bai taɓa yafe wa kansa ba. Da ya girma ya sayar da gonarsa, ya bi kasuwannin bakin ruwa yana cigiya har furfura ta fito masa. Daga ƙarshe wani tsohon matuƙin jirgin ruwa ya tuna wata mai fataucin busasshen kifi da ta shiga jirginsa da jiƙaƙƙiyar yarinya, ta sauka wajen Lokoja. Barau ya dawo gida da ciwo, ya faɗa wa 'yarsa Zinatu, ya cika.

Zinatu ta yi shirin tafiya, mijinta ya ce in ta fita kada ta dawo. Ta fita. Ta yi ta wanke-wanke a gidajen abinci don ta ci, tana bin rumfunan kifi da tambaya, har ta kai ga matar, sunanta Gwamma. Auren Zinatu kuwa ya mutu.

Gwamma ce ta tsamo Ladidi daga ruwa a ranar, ta matsa mata ciki har ta yi numfashi. Ba ta taɓa haihuwa ba, sai ta tafi da ita ta yi shiru, ta raine ta, ta aurar. Ladidi ta rasu wurin haihuwa, ta bar 'ya mace, Atine, wadda yanzu ita kaɗai ke kula da tsohuwar. Babu mai shaida. Da Gwamma ta musa, da magana ta ƙare. Sai ta ce wa Zinatu, "'Yar nan, tafi da ita. Kakarta ta jira ya isa." Aka bar ta ita kaɗai, ba mai ɗebo mata ruwa.

Da Zinatu ta iso gida da ita, Hajjo ta shafa fuskar Atine, ta daɗe tana kuka. Ta ce, "Ashe Ladidi ba za ta zo ba." Can ta ce, "Wanda ya raba ni da wannan jira, na yafe masa duniya da lahira, albarkata tasa ce." Ba ta kama suna ba, ba ta kuma kai la'asar ba.

To, tsakanin Barau da Zinatu da Gwamma, wa ya fi cancantar wannan albarka?