Goran Irin Dogon Rafi

Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku, don wannan labari ba na a ji a watse ba ne. Sai kun yanke mini hukunci kafin kowa ya ɗauki takalminsa.

A wata ƙasa akwai wani gari a bakin iyaka, ana ce masa Dogon Rafi. Mutanensa ba su da sana'ar da ta wuce noman albasa, wata ja mai kauri wadda idan aka yanka ta a tsakar gida sai maƙwabci ya share hawaye. Irin wannan albasa kuwa a hannun mutum ɗaya yake, wato Sarkin Noma Barmo. Haka aka gada tun kakanni: mutum ɗaya ke riƙe goran iri, shi ke zaɓen albasar da za a bari ta yi fure, shi ke raba wa kowa iri idan damina ta ɗauke. Kuma kowace shekara yakan aika da ajiyar iri zuwa Kwarin Maje, garin da ke tsallaken iyaka, su ma su aiko da tasu, don in masifa ta faɗa wa ɗaya ya samu abin komawa a wurin ɗan'uwansa.

Ana nan ana nan, sai rediyo ta ce shugabannin ƙasar sun fitar da ita daga tarayyar da take ciki da ƙasashen maƙwabta. Aka rufe iyaka. Kafin a ce me, Dogon Rafi ya tsage gida biyu. 'Yan fita suna cewa an daɗe ana juya su kamar waina, yau sun zama masu kansu, har da ganguna suka buga. 'Yan zama suna cewa, to masu kansu, wa zai ci albasar? Abin ya kai mai shayin bakin kasuwa sai da ya ƙara benci, don ɗan fita ba ya haɗa gwiwa da ɗan zama.

Rigimar ba ta tsaya a ƙofar gidan Barmo ba, shiga ta yi har cikin akushi. Babban ɗansa Arzika fataucin albasa yake yi zuwa ƙetare, shi ne bakin 'yan zama. Ƙanensa Nomau bai taɓa kwana a wajen gari ba, shi ne ya riƙe babbar ganga ranar murna. Autarsu Ige, wadda ke aure a cikin gari, idan aka tambaye ta sai ta ce ita dai tarayya ba ta taɓa ɗebo mata ruwa ba, fita ma ba ta ɗebo mata ba. Barmo yakan zauna yana jin 'ya'yansa maza suna sa-in-sa, zuciyarsa na ƙuna, ya rasa wanda zai tsawata wa, don kowanne in ya yi magana sai ya ji kamar da gaskiyarsa.

Shekarar nan albasa ta yi kyau, amma babu motar da ta zo ɗauka. Kowane rudu ya cika, wato ɗakin karan da ake ɗagawa bisa itatuwa a ajiye albasa ta sha iska. Saura ɗaya, rudun iri na gidan Barmo, wanda ba a taɓa zuba albasar sayarwa a ciki ba. Mutane suka yi ta zuwa suna roƙo, 'yan fita da safe, 'yan zama da yamma. Barmo ya ji tsoron kada ya ba wani ɓangare ya hana wani a ce ya ɗauki gefe, sai ya buɗe wa kowa. Marka ta sauka, nauyi ya yi yawa, rudu ya rufta. Albasar da aka zaɓa don fure ta ruɓe, goran iri da ke rataye a ciki ya fashe a cikin laka. Tsoho ya tsaya a kan tarkacen ya yi kuka da hawaye, don ya san a hannunsa abin kakanni ya mutu.

Abin da ya rage shi ne ajiyar bara da ke Kwarin Maje. Irin albasa kuwa ba ya jira, in wannan shuka ta wuce shi ya zama ƙasa.

Arzika ne ya hau babur ɗinsa ya nufi can. Ya sami Sarkin Nomansu, Gado, a rumfar kasuwa cikin mutane. Gado ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ashe kun san hanya? Ai har nan muka ji gangunanku."

Da a ce Arzika ya ce shi bai buga ganga ba, da gaskiya ya faɗa. Amma sai ya cire hula ya durƙusa a gaban jama'a ya ce, "Baba, ƙanena ne ya buga, abin da ya buga kuwa ni na buga. Ka yi mana haƙuri." Gado ya tashi ya tafi gida ya dawo da goran ajiyarsu. A hanyar dawowa masu tsaron iyaka suka tare shi, suka ce babu abin hawan da zai wuce. Arzika ya bar musu babur ɗin da yake ci da iyalinsa da shi, ya rungume gora a cikin riga, ya tako da ƙafa cikin rana har gida. Ba don shi ba, da babu ƙwaya ɗaya da za a shuka.

To iri ya zo, sai ruwa. Injinan ban ruwa na garin duk da man ƙetare suke aiki, mai kuwa ya yanke tun ranar da aka rufe iyaka. Ashe Nomau ba da baki kawai yake cewa a dogara da kai ba. Tun farkon rigimar ya shiga yashe tsofaffin rijiyoyin kakansa da aka bari suka cike, ana wucewa ana yi masa dariya ana cewa 'yan fita sun koma zamanin da. Ya kafa jigo a bakinsu, dogon itace mai guga a kai da dunƙulen laka a gindi, irin wanda yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Da aka yafa iri, shi ya tsaya yana jan jigo safe da yamma har tafin hannunsa ya tsattsage. Ruwan bai isa gona biyu ba, sai ya bar lambun barkononsa ya bushe yana kallo, ya juya komai kan irin da wansa ya kawo, alhali ko gaisawa ba sa yi. Ba don shi ba, da irin ya ƙone a ƙasa.

Iri ya fito kore shar, ya isa dashe. Nan fa aka tsaya cirko-cirko, don dashen albasa aikin hannu da yawa ne, kuma in aka yi jinkiri ya tsufa a wurin ba zai yi kai ba. Da can gayya ake kira a gama a wuni, amma yanzu wa zai amsa gayyar da abokin gabarsa zai zo? Barmo ya aika, kowa ya ce yana da uzuri.

Sai Ige ta sa aka yanka tumakinta, su ne kuwa duk abin da ta mallaka. Ta tara matan gari suka tuƙa tuwo, aka yi miya mai nama zuƙu-zuƙu, aka bi gida-gida ana ajiye kwano a gaban maigida ba tare da an ce komai ba. Mazan da suka daɗe ba su ga nama ba suka ci suka sha romo suka suɗe hannu, sannan matansu suka ce, "To Malam, tuwon gayyar Ige ka ci." A Dogon Rafi kuwa wanda ya ci tuwon gayya ƙafarsa ta ɗauru, in bai je ba har jikokinsa za a yi wa gori. Da safe kowa ya fito yana hura hanci, ya tarar da wanda ba ya son gani. Ige ta tsaya a bakin lambu ta haɗa su biyu-biyu, ɗan fita na huda ƙasa ɗan zama na dasawa. Ta ce, "Ku yi ta musunku, ba da hannu ake yin sa ba." Suka yi ta musu kuwa har la'asar, amma ko fangali ɗaya ba a bari ba. Ba don ita ba, da irin ya tsufa a banza.

Albasa ta yi, aka zaɓi ta fure, shekara ta zagayo sabon gora ya cika. Iyaka tana nan a rufe, 'yan fita ba su ce sun yi kuskure ba, 'yan zama ma ba su sauka daga maganarsu ba. Barmo kuwa ido ya yi rauni, hannu na rawa, ya san lokacin miƙa gora ya yi, kuma al'ada ba ta yarda a raba shi ba.

Ya zauna a zaure da gora a cinya, 'ya'yansa uku a gabansa, gari ya cika ƙofar gida. Ya dubi Arzika, wanda ya sadaukar da girmansa da abin hawansa ya dawo da iri, amma rabin rayuwarsa a kan hanya take. Ya dubi Nomau, wanda ya ba irin ruwa da jinin hannunsa, amma ya rantse ba zai ƙara aika ajiya Kwarin Maje ba, ajiyar da ita ce ta cece su. Ya dubi Ige, wadda ita kaɗai gari duka ke cin tuwonta, amma ba ta taɓa zaɓen albasar fure da hannunta ba. Ya san kuma duk wanda ya ba, mutanen da ke waje za su ce ya faɗi ɓangaren da ke da gaskiya. Sau ɗaya ya taɓa ƙoƙarin faranta wa kowa, ya ga abin da ya sami rudu.

Tsoho ya ɗaga gora da hannu biyu.

To jama'a, ga ku ga Barmo. Wanda ya kawo iri, da wanda ya ba shi ruwa, da wadda ta tara masa hannu, a hannun wa za ku ce ya sa goran nan?